Wa Ke Tsare Mana Kogi?

Mafi yawan ruwan famfon da ake sha a garin Bauchi daga madatsar ruwa ta Gubi yake fitowa, can arewa da gari. Mazaunin Tsohuwar GRA ko Sabuwar GRA yana iya shekara bai tuna da wannan ba, domin gidaje da yawa a unguwar sun haƙa burtsatse, ga tanki a sama, ga ruwan roba a firji. Amma ruwan saman da ya wanke titunan gari, ya kwashi leda da toka da baƙin man garejin kanikawa da abin da aka zubar a kwata cikin dare, ba ya tsayawa inda ya sauka. Magudana yake bi ya faɗa rafi, wasu rafuffukan kuwa, irin su Shadawanka, suna cikin masu cika Gubi. Ruwa ba ya tsami banza. To wa aka ɗora wa alhakin hana ƙazanta shiga kogi, kuma wa ke yin aikin da gaske?

A GRA ya fi dacewa a yi wannan tambaya, domin a nan manyan ma'aikata da yawa ke kwana, a nan ƙungiyoyi da dama ke kama hayar ofis, a nan ake rubuta takardun neman tallafi da rahotannin ƙarshen shekara. Idan aka zauna lissafin hukumomi da ƙungiyoyin da aikinsu ya taɓa ruwa, za a same su da yawa. Abin da ke damuna shi ne kusan dukkansu ko dai ɗiban ruwa suke yi daga kogi, ko gyaran ɓarnar da ta riga ta auku, ko kuma ikonsu ya tsaya a bakin gaɓa. Masu tsayawa a kan abin da ke shiga cikin ruwan ba su da yawa, kuma su ne mafi rashin ƙarfi.

Bari mu fara da masu sanda a hannu, wato hukumomin da doka ta ba ikon bincike da cin tara da garƙame wuri. Tarihinsu a Nijeriya ba shi da tsawo. A 1988 aka gano dubban ganguna na shara mai guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa a jihar Bendel ta wancan lokaci. Wannan abin kunya ne ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a ƙarshen shekarar, sannan a 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 1999 FEPA ta narke cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA don ta tilasta bin ƙa'idojin muhalli. A takarda ba ta rasa makami ba. Tana da ƙa'idojin 2009 kan masaƙu da masana'antun fata, da wasu kan fadamu da gaɓar koguna da tafkuna, da na 2011 kan ingancin ruwan da ke gudu a doron ƙasa da wanda ke ƙarƙashinta.

Sai dai irin waɗannan ƙa'idoji sun fi aiki a kan masana'anta mai bututu ɗaya, wadda jami'i zai je ya ɗebi ruwan da take fitarwa a kwalba, ya kai ɗakin gwaji, ya dawo da takardar gargaɗi. Ƙazantar Bauchi ba ta bututu ɗaya take fita ba. Daga dubban gidaje take, da mahauta inda jini da tumbi ke bin kwata, da wuraren wankin mota, da kasuwannin Wunti da Muda Lawal, da lambunan rani inda ake feshin maganin ciyawa a wanke tankin feshin a cikin rafi. Ba wanda zai garƙame gari guda.

Shi ya sa nauyin ya fi faɗawa kan hukumar kare muhalli ta jiha, BASEPA, wadda jama'a suka fi sani da motocin kwasar shara, da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, da yashe magudanai kafin damina. Kada a raina wannan aiki. Duk tifar sharar da aka kwashe daga bakin kwalbati, shara ce da ba ta isa kogi ba. Amma kwasar shara rabin aiki ne, sauran rabin shi ne inda aka kai ta. Juji buɗaɗɗe, idan ruwan sama ya ratsa shi, baƙin ruwa yake tsatsowa ya nutse cikin ƙasa ko ya gangara fadama. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne abin da ba a son ambata a taro: bayan gida. Akasarin gidajen Bauchi, daga cikin ganuwa har GRA, masai ne ko sokawe. Idan ya cika, a kira mota ko masu kwasa da hannu, a biya su, a rufe ƙofa. Kaɗan ne ke tambayar inda za a juye. Matuƙar babu isasshen wurin da aka tanada don tace wannan kaya, mai kwasa zai nemi wuri mafi kusa da ba a ganinsa, sau da yawa kuwa wurin kwari ne ko gefen rafi.

Dattawa suna yawan tuna duba-gari na zamanin En'e, mai shiga gida ya leƙa randa da makewayi, wanda matan gida ke jin tsoron zuwansa. Har yanzu ƙananan hukumomi suna da jami'an tsaftar muhalli masu wannan aiki, kuma su ne kaɗai daga cikin duk waɗanda za mu ambata da doka ta sa su shiga lungu-lungu. A ganina duk gyaran da bai ƙara yawansu da kayan aikinsu da martabarsu ba, bai taɓo tushen matsalar ba.

Akwai hukumomin da sunan kogi ke jikin sunansu, kuma mutum zai ɗauka su ne masu kogin. Hukumomin raya koguna ke nan, waɗanda aka kafa a 1976, yanzu su 12 ne a faɗin ƙasa. Jihar Bauchi ta rabu tsakanin biyu: ta Hadeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, da ta Binuwai ta Sama mai hedikwata a Yola. An haife su ne bayan farin farkon shekarun 1970, don haka hankalinsu yana kan tara ruwa da noman rani. Madatsun Tiga da Challawa da Dadin Kowa su ne abin alfaharinsu, kuma manoman Kadawa da na kwarin Hadeja sun ci moriyarsu. Amma yawan ruwa suke ƙidayawa, ba tsabtarsa ba. Sauya tafiyar kogi ma yana da tasa illar. Tun da madatsu suka sa ruwa ya riƙa gudu rani da damina a wasu rassan Hadeja, ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar jan-baki. Ga shi kuma tsawon shekaru ana jayayya kan madatsar Kafin Zaki da aka tsara ginawa a kan kogin Jama'are: Bauchi na son ruwan noma, mutanen Yobe da Borno na tsoron a tare musu ambaliyar da fadamunsu ke rayuwa da ita.

Wannan jayayya ta nuna abin da ya sa hukumar jiha ɗaya ba za ta iya tsare kogi ba. Jama'are daga tsaunukan Filato yake tasowa, kogin Dilimi da ke ratsa tsakiyar Jos yana cikin masu ba shi ruwa. Ya ratsa jihar Bauchi ya je ya haɗu da Hadeja, su zama Komadugu Yobe, su ƙare a Tafkin Chadi. Gongola ma daga Filato yake, ya bi ta Dindima a kan hanyar Gombe, ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Abin da Jos ta zubar, mu muke karɓa. Abin da muka zubar, Gashuwa da Dadin Kowa ke karɓa. Dokar ruwa ta 1993 ta ce duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya yana hannun tarayya, ƙudurin da aka yi ta kai wa majalisa don sabunta tsarin kuwa ya sha faɗuwa saboda zargin cewa Abuja na son ƙwace gaɓar koguna daga hannun jihohi.

Yunƙurin da na fi ganin hikimarsa shi ne na 2006, lokacin da jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka yi taro a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, suka amince su kafa asusun haɗin gwiwa na kula da kwarin Hadeja, Jama'are da Komadugu Yobe. Ƙungiyar kare muhalli ta duniya IUCN da gidauniyar NCF ta Nijeriya, waɗanda suka daɗe suna aiki a fadamun Hadeja da Nguru tun shekarun 1980, sun taimaka wajen share fagen. Aikin asusun ya fi karkata ga yashe hanyoyin ruwa da yaƙi da kachalla da sasanta masu amfani da ruwa, ba a gina shi don kama mai zuba guba ba. Duk da haka shi ne teburin da na sama da na ƙasa suka taɓa zama tare, kuma irin wannan teburi ne ake buƙata. Sama da shi akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, mai mazauni a Njamena. A Turai, ƙasashen da kogin Rhine ya ratsa sun kafa hukumar kare shi tun 1950, amma sai da gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Basel a 1986, ruwan kashe gobarar ya kwarara kogi ya kashe kifi har cikin Jamus, sannan suka sa wa kansu adadin gubar da za a rage da wa'adin rage ta. Adadi da wa'adi su ne abin da yarjejeniyoyinmu suka fi rasawa.

Hukumar ruwan sha ta birane ta jihar Bauchi tana da wani matsayi daban. Ita ce ke jin zafin gurɓatar Gubi a aljihunta, domin duk lokacin da ruwan ya ƙara dauɗa, sai ta ƙara alam da kulorin da kuɗin wuta. Bauchi na cikin jihohi uku, tare da Ekiti da Ribas, da suka amfana da bashin Bankin Duniya na dala miliyan 250 da aka amince da shi a 2014 don gyaran ruwan birane. An gyara matatar ruwa, an shimfiɗa bututu. Wannan alheri ne, amma tacewa ba ta hana zubawa. Da za a ba wannan hukuma murya mai ƙarfi a kan abin da ake yi a ƙasar da ke zuba ruwa cikin Gubi, gini ne ko noma ko juji, da an samu mai gadin da ke da dalilin kansa na farkawa.

Wanda ke son ganin inda sakaci ke kai gari, ya dubi Kano. Masana'antun jima na Bompai da Sharaɗa da Challawa sun shafe shekaru suna sakin ruwa mai ɗauke da sinadarin kuromiyam. Na Bompai ya bi Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa ya bi Salanta ya faɗa Challawa. A gefen waɗannan ruwaye ake noman latas da alayyafo da karas da ake kai wa kasuwa. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun auna wannan ruwa sau ba adadi, an san abin da ke ciki, an kuma daɗe ana maganar matatun haɗin gwiwa na ruwan masana'antu. Darasin Kano shi ne sani kaɗai ba ya tsabtace ruwa. Haka abin yake a nan gida: a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ɗaya daga cikin harabobinta ke Gubi, da kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, ɗalibai suna ɗiban ruwan rijiyoyi da rafuffuka suna gwadawa don kundin kammala karatu. Sakamakon yakan ƙare a kanta. Ina ganin babu aikin da ya fi sauƙi da araha kamar a haɗa waɗannan gwaje-gwaje, a riƙa yin su a wurare ƙayyadaddu kowane wata, a karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyo, mai lambu da mai ga-ruwa su ji.

Sai ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da abokan aikinsu na gida, waɗanda motocinsu suka fi yawo a titunan GRA. Ba kasafai suke kiran aikinsu yaƙi da gurɓatar kogi ba, ruwan sha da tsafta suke cewa, amma a ƙasarmu su ne suka fi rage wata ƙazanta guda: bahaya a fili. Da taimakon UNICEF da hukumar ruwa da tsafta ta karkara, RUWASSA, ƙananan hukumomin Dass da Warji suka shiga sahun farko na waɗanda aka tabbatar sun daina bahaya a fili a Nijeriya. WaterAid ma ta daɗe tana aiki a jihar. A 2019 gwamnatin tarayya ta sa 2025 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen al'adar a ƙasa baki ɗaya, wa'adin ya zo ba a cim ma ba, kodayake maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta farko da ta kai ga haka a 2022. Muhimmancin wannan ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya ga damunar 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar, ya kashe sama da 3,000, Bauchi na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Raunin waɗannan ƙungiyoyi shi ne aikinsu na da ranar ƙarewa, kuɗinsu kuma na hannun wasu. Da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a 2025, ayyuka da dama a faɗin Afirka sun tsaya cak. Babban shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, yana gyaran ƙasa da zaizaya da wuraren da ruwa ke taruwa, amma shi ma bashi ne mai wa'adi.

Akwai kuma waɗanda ba su da ofis ko allon suna, kuma ba a cika gayyatarsu taro ba. Sarkin ruwa da sarkin masunta sun san lokacin da kifi ya fara mutuwa kafin kowane ɗakin gwaji ya sani, kuma su ne za su iya hana kamun kifi da gamalin, maganin ƙwarin da wasu ke zubawa a ruwa don kifi ya taso. A Argungu, hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin biki tsari ne na gargajiya da aka daɗe ana girmamawa, wanda ya nuna cewa al'umma na iya sa wa kogi doka ta kuma bi ta. Sarkin fawa yana da ta cewa a kan jinin mahauta. Ƙungiyoyin matasa na aikin gayya suna yashe kwatocin unguwa ba tare da an biya su ba. 'Yan jari-bola, waɗanda ake yi wa kallon raini har da zargi, su ne ke raba robobi da ƙarafa da juji, don haka ne ba a cika ganin gwangwanin alminiyam a rafi ba, sai ledar ruwa da ba ta da mai saye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ya kamata kamfanonin lemo da na ruwan leda su sa kuɗi: a sa wa leda farashi, masu tsinta za su fito. Manyan kamfanonin abinci da abin sha sun kafa ƙawancen tattara robobi a 2018, sai dai ƙarfinsa ya fi yawa a Legas.

Malamai ma suna da babban rabo. Duk yaron da ya yi karatun fiƙihu ya san cewa ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari ba a tsarki da shi, kuma hadisai sun hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, sun hana biyan buƙata a mashaya. Hukuncin yana nan, sai dai an fi karanta shi a babin alwala, ba a cika miƙa shi zuwa ga mai juye sokawe a rafi ko mai wanke tankin feshi a inda makiyaya ke shayarwa ba. Huɗubar Juma'a a masallacin Gwallaga ko na ƙofar fada, da wa'azin Lahadi a majami'un Yelwa, suna isa inda takardar gargaɗi ba ta isa.

Nau'in da ya fi ƙaranci a Arewa shi ne ƙungiyar masu cin abinci daga kogi da ke shirye ta je kotu. A Amurka, masuntan kogin Hudson ne suka haɗa kai a 1966, suka tono wata tsohuwar doka ta 1899 wadda ta hana zuba ƙazanta a ruwa, ta kuma ba mai tona asiri kaso daga tarar, suka riƙa kai kamfanoni ƙara. A Nijeriya mutanen Neja-Delta ne suka bi wannan hanya. Al'ummar Bodo ta samu diyyar fam miliyan 55 daga Shell a 2015 bayan shari'a a Landan, a 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara a Holan ta ba wasu manoman yankin gaskiya kan malalar mai. Mafi muhimmanci gare mu, a 2018 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke cewa ƙungiya mai zaman kanta na da hurumin kai ƙara kan gurɓata ruwa don amfanin jama'a, a shari'ar da wata ƙungiya ta shigar da kamfanin mai na ƙasa, NNPC. Ƙofar a buɗe take ga masunta da masu lambu da makiyayan Jama'are da Gongola, idan suka samu lauyoyi da masana da za su tsaya musu.

Wannan ba magana ce ta nesa ba. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, a yankin Alkaleri, cikin kwarin Gongola. Dokar NESREA ta cire harkar mai daga ikonta, malalar mai aikin hukumar NOSDRA ne da aka kafa a 2006. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ta Neja-Delta ya ce gyaran ɓarnar da mai ya yi can na iya cin shekara 25 zuwa 30. Ɗaya daga cikin wahalhalun shari'o'in Neja-Delta shi ne tabbatar da yadda ruwa yake kafin ɓarna. Don haka tun yanzu ya kamata gwamnatin jiha da jami'a da masarautu da ƙungiyoyin Alkaleri su auna rijiyoyi da rafuffukan da ke kewaye da Kolmani, rani da damina, su ajiye sakamakon a inda kowane mai unguwa zai iya karɓar kwafi, kafin ganga ta farko ta bar wurin zuwa kasuwa.